NetHack, Crawl, Brogue, Angband ko Shattered: a wanne za ka fara mutuwa?

Duk wanda ya tambaye ni wane wasa zai saka wanda ba ya cin data, ba ya neman waya mai tsada, kuma ba zai gundure shi bayan sati biyu ba, sai in ce ya nemi ɗaya daga cikin jikokin Rogue, waɗanda masu yin su ke kira roguelike. Sai dai jikokin nan suna da yawa, kuma kowanne da halinsa. Wanda ya fara da wanda bai dace da shi ba, a daren farko zai goge shi ya ce an ɓata masa lokaci. Biyar ne na ga sun cancanci a auna: NetHack, Angband, Dungeon Crawl Stone Soup, Brogue da Shattered Pixel Dungeon. Babbansu ya fito tun 1987, autansu a 2014, kuma har yau babu wanda masu kula da shi suka yi watsi da shi.

Kakan nasu, Rogue, ɗalibai biyu ne suka fara rubuta shi a 1980 a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, wato Michael Toy da Glenn Wichman, daga baya Ken Arnold ya sa hannu a Berkeley. Fuskar kwamfutocin da suke aiki da su ba ta zana hoto, sai haruffa. Don haka kai ne alamar @, dodanni kuwa manyan baƙaƙe ne daga A zuwa Z. Aikinka ka yi ta sauka cikin gidan ƙasa, hawa bayan hawa har na 26, ka ɗauko Layar Yendor, ka fito da ranka. Dokoki uku da ya kafa su ne ke riƙe da zuriyar har yanzu. Duk sabon wasa, kwamfuta ce ke sake tsara ɗakuna da hanyoyi da kayan da ke zube a ƙasa. Babu abin da ke motsi sai kai ka motsa. In kuma ka mutu, shi ke nan, babu komawa inda ka ajiye, sai dai sabon jarumi daga bakin ƙofa.

Doka ta biyun nan ce ta sa nake ganin kamar don mu aka yi su. Mai tsaron shago a Kasuwar Gumi zai iya barin dodo da bakinsa a buɗe, ya sallami mai saye, ya je ya yi la'asar, ya dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi. Mai hawa jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu ya san inda sabis ke ɓacewa a hanya, kuma ya san abin da hakan ke yi wa mai buga PUBG ko Free Fire. Waɗannan babu ruwansu da sabis. In an ɗauke wuta, tsohuwar kwamfutar cinya 'yar gwanjo za ta ja su har batirinta ya ƙare ba tare da fankarta ta yi kuka ba. Sun fi kusa da dara a kan wasannin harbe-harbe: ka zauna, ka dubi fili, ka yi tunani iya son ranka, sannan ka taka.

Abin da ya raba su, a ganina, ba yawan hawa ba ne ko kyan zane. Dukkansu za su kashe ka, sau da yawa ma. Tambayar da ya kamata mai zaɓe ya yi ita ce: bayan na mutu, zan gane abin da ya kashe ni daga cikin wasan kansa, ko sai na je na yi karatu a waje?

Mafi sauƙin samu shi ne Shattered Pixel Dungeon, domin shi kaɗai ne a cikin biyar ɗin da aka gina tun daga tushe don yatsa da fuskar waya. Asalinsa Pixel Dungeon ne, wanda Oleg Dolya, da aka fi sani da Watabou, ya fitar a 2012. Da ya buɗe wa kowa rubutun da aka gina wasan da shi a 2014, sai Evan Debenham ya ɗauka don ya gyara 'yan abubuwa. Ga shi ya shafe sama da shekara goma yana kai, har reshen ya fi uwar suna. A Android kyauta ne, babu talla, babu mai damunka da sayen kuɗin cikin wasa, kuma da zarar ka sauke shi ya gama da intanet. Masu iPhone da masu saye ta Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, su ne ke biya. A duba sunan da kyau kafin a sauke, domin akwai wasu rassan da yawa masu kama da shi, wasunsu an daɗe da daina kula da su.

Tsarinsa a fili yake. Hawa 25 ne, an raba su kashi biyar: lambatu, kurkuku, ramukan haƙar ma'adinai, birnin wadanni, sai zauren aljanu. A ƙarshen kowane kashi akwai babban dodo, daga Goo a hawa na 5 zuwa Yog-Dzewa a na 25. Abin da sabon shiga ba ya lura da shi shi ne an ƙayyade ƙarfin da zai samu. Takardun ƙara wa makami ko sulke ƙarfi uku ne a kowane kashi, kwalaben ƙarin ƙarfin jiki biyu. Wanda ya yi ta rarraba takardunsa, ɗaya a wuƙa, ɗaya a zobe, ɗaya a sandar da zai jefar gobe, zai isa kurkuku da tarkace ya rasa abin dogaro. Wanda ya tara su a kan sulke mai kyau da makami ɗaya, shi ke ganin birnin wadanni.

Wasan yana koyarwa da hannu, ba da dogon bayani ba. Ɗan yayata, wanda ke zaune a Tudun Wada, ya miƙo mini wayarsa wata rana ransa a ɓace.

“Kawu, macijin nan ba ya dukuwa. Na kai masa sara ya fi a ƙirga, duk yana gocewa.”

Na ce ya daina sara, ya juya ya bi ta ƙofar ɗaki, ya tsaya daf da ita ta ciki. Macijin ya biyo shi. Yana sako kai, yaron ya sare shi, kuma saran bai kuskure ba, domin a wannan wasan dodon da bai gan ka ba kafin ka kai masa hannu ba ya iya kaucewa. Macizan nan an zuba su a hawan farko ne musamman don mutum ya koyi wannan dabara, kuma ita zai yi ta amfani da ita har ƙasa. Rauninsa kuwa, bayan ka ci shi sau biyu ko uku za ka san inda komai yake: ina shago, ina fatalwar da ke ba da aike, ina maƙeri. Mai shi ya san da haka, shi ya sa yake ƙara jarumai, na biyar a 2023, na shida a 2025, ga kuma wasu tsauraran sharuɗɗa da mutum zai ɗora wa kansa in ya ga wasan ya yi masa sauƙi.

In kana da kwamfuta, Brogue ne zan fara nuna maka, kuma daga gare shi ne ma Pixel Dungeon ya kwaso yawancin dabarunsa. Brian Walker ne ya fitar da shi a 2009, ya yi masa bugu na ƙarshe na hannunsa a 2018, sannan masoya wasan suka karɓa suka ci gaba da shi da sunan Community Edition. Haruffa ne kamar na kakansa, hawa 26 kamar na kakansa, amma an yi musu launi da haske har sai ka ga ruwa yana kaɗawa, wuta tana lashe ciyawa. Ba ka zaɓen ƙabila, ba ka zaɓen sana'a. Kowa da wuƙa ɗaya da 'yan kibau na jifa da sulken fata yake farawa, abin da ka tsinta a hanya shi ke mayar da kai mayaƙi ko matsafi ko mai laɓe.

Abu biyu ne suka sa nake fifita shi ga mai koyo. Na farko, ba ya ɓoye lissafi. Ka ɗora linzami a kan dodo, zai gaya maka kashi nawa cikin ɗari zai same ka in ya kai duka, da duka nawa zai kashe ka in abin ya ɓaci, da duka nawa kai za ka kashe shi. In ka shiga faɗa bayan ka karanta wannan, ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi. Na biyu, kashe dodo ba ya ƙara maka ƙarfi ko kaɗan. Wannan ya sauya komai. A sauran wasannin mutum yana jin dole ya share kowane ɗaki. A nan in ka hangi ayarin dodannin goblin suna barci, ka lallaɓa ka wuce, ba ka yi asarar komai ba.

Filin kansa makami ne. Fadama tana fitar da iskar da ke kamawa da wuta, busasshiyar ciyawa tana ci, ruwa mai zurfi yana iya kwashe maka kaya daga jaka, kuma a cikinsa ne kifin nan mai kama da maciji ke jira. Biri zai zo ya fizge maka abu ya sheƙa. Kwalbar da ba ka san mene ne a ciki ba tana iya zama magani, tana iya zama gobara, don haka masu wayo sukan sha irin waɗannan suna tsaye a bakin ruwa ko kusa da ƙofa. Wani lokaci za ka tarar da dodo a ɗaure cikin mari, 'yan uwansa dodanni suna tsaronsa. In ka kashe masu tsaron ka kwance shi, ya zama naka, ya yi ta bin ka yana yi maka faɗa. Akwai kuma ɗakin taska da ake buɗewa da makulli, inda za a jera maka kaya masu daraja a ce ɗauki ɗaya, sauran su rufe. Na sha zama a gaban irin wannan ɗakin fiye da yadda nake zama a gaban dodo. Kowane gidan ƙasa yana da lambarsa, don haka abokai biyu, ɗaya a Malali ɗaya a Barnawa, za su iya saka lamba ɗaya su shiga fili iri ɗaya, da daddare su kwatanta inda kowa ya faɗi. Abin da ba shi da shi shi ne faɗi: babu shaguna, babu rassa, hanya ɗaya ce zuwa ƙasa.

Inda gardama take da gaske shi ne tsakanin Crawl da NetHack, domin masu kula da su sun ɗauki hanyoyi biyu da ba sa haɗuwa. 'Yan Crawl ragewa suke yi. 'Yan NetHack tarawa suke yi.

Linley Henzell ne ya fitar da Dungeon Crawl a 1997. Da aikin ya yi sanyi, wasu suka tsaga reshe a 2006 suka sa masa Stone Soup, kuma shi ne ya rayu. Ƙa'idarsu ita ce duk abin da ke cin lokacin ɗan wasa ba tare da ya sa shi yanke shawara ba, a cire shi. Ka danna o, jaruminka ya yi ta yawo da kansa yana tsintar kaya har sai ya hangi haɗari ya tsaya. Ka danna Tab, ya kai wa dodo mafi kusa hari. Ka tuna ka bar wani gatari hawa huɗu a sama, sai ka rubuta sunansa, wasan ya kai ka wurin. Shaguna suna sayar maka, amma ba sa saye daga hannunka, don kada kowa ya zama ɗan bola jari yana jigilar tarkace. A bugu na 0.26, a farkon 2021, sun cire cin abinci baki ɗaya, abin da ya kasance ginshiƙi tun zamanin Rogue. Tsofaffin 'yan wasa suka yi ta ƙorafi, kamar yadda suka yi lokacin da aka cire wata ƙabilar wadanni da ake so, wadda sai bayan sama da shekara goma aka dawo da ita da sabon fasali. Wanda zai zauna da Crawl sai ya yarda cewa abin da ya saba da shi bana yana iya ɓacewa baɗi. Kusan sau biyu a shekara suke fitar da sabon bugu, kuma kowane bugu gasa ce ke biyo bayansa.

Abin da suka bari bayan duk wannan yanke-yanken yana da yawa. Ƙabilu sun haura ashirin, kuma ba sunan kawai ya bambanta ba. Akwai dorinar teku mai hannu takwas da ke sa zobba takwas amma ba ta iya sa sulke. Akwai kyanwa da ba ta riƙe makami amma tana da rai fiye da ɗaya. Gidan ƙasan yana da rassa: dajin namun daji, ramin macizai ko na gizo-gizo, fadama ko gaɓar teku, rumbunan taska. Hatimai 15 ne a warwatse cikinsu, uku kake buƙata kafin a buɗe maka daular Zot inda abin da ka zo nema yake. Sabon shiga ya ɗauki Minotaur, mai kan bijimi, ya ba shi gatari, kada ya yi gigin fara da matsafi. Ko da hakan, akwai wani mai suna Sigmund da ke yawo da lauje a hawan farko-farko, wanda kusan babu ɗan Crawl da bai taɓa mutuwa a hannunsa ba. Darasinsa shi ne matakala abokiyarka ce: dodon da ke manne da kai kaɗai ke bin ka sama, sauran a ƙasa za ka bar su.

Ga mu nan Kaduna, Crawl yana da wata fa'ida. Ana iya sauke shi a buga ba intanet, ana kuma iya buga shi kai tsaye ta burauza a kan kwamfutocin da masoyansa suka ajiye a Turai da Amurka. In sabis ya yanke ko wuta ta tafi, wasanka yana can a ajiye, gobe ka shiga ta wata kwamfutar ka ɗora. A can kuma za ka iya zama ka kalli ƙwararru suna bugawa, ko wani ya leƙo naka ya rubuto maka shawara. Maɓallin Tab ɗin nan dai shi ne ajalin yawancin mutane. Sauƙinsa ke sa hannu ya riga ido, ka danna sau uku fiye da kima, ka ga an rubuta maka ta'aziyya.

NetHack kuwa ba ya jefar da komai. Ya samo asali ne daga Hack, wanda Jay Fenlason ya fara a 1982, Andries Brouwer ya faɗaɗa a Holan, sannan Mike Stephenson ya fitar da NetHack a 1987. Masu kula da shi ba su da gaggawa: bugu na 3.4.3 ya fito a Disambar 2003, aka yi shiru shekara 12 cur kafin 3.6.0 ya fito a Disambar 2015, kuma a duk tsawon shirun nan mutane ba su daina bugawa ba. Sana'o'i 13 ne, daga Samurai da Valkyrie, waɗanda su ake ba sabon shiga, zuwa ɗan yawon buɗe ido da ke shiga gidan ƙasa da kyamara da riga mai furanni.

Daɗinsa shi ne duk abin da ka yi tunanin gwadawa, sai ka tarar wani ya riga ka tunaninsa ya rubuta masa sakamako. Ɗauki misalin wani dodo mai kama da zakara, wanda harafin c ke wakilta. In ka taɓa shi da hannu tsirara, ka zama dutse. In ka kashe shi, ka sa safar hannu, ka ɗauki gawarsa, ta zama makamin da ke mayar da duk wanda ka maka wa dutse. In kuma kana riƙe da ita ka faɗa rami, sai ta taɓa ka, kai ma ka daskare. Karenka ba ya son taka kayan da aka la'anta, don haka kallon inda yake kaucewa hanya ce ta gane abin da bai kamata ka saka a jikinka ba. Shi dai karen za ka iya koya masa ya riƙa ɗauko maka kaya daga shago ba tare da mai shago ya ce uffan ba. Amma ka shigo da diga, mai shagon zai tare ƙofa ya hana ka shiga, don ya san abin da masu diga ke yi. Farashin da ya yi maka a kan kwalbar da ba ka sani ba yana nuna maka ko wace iri ce, in ka haddace jadawalin. Ka rubuta Elbereth da yatsa a cikin ƙura ka tsaya a kai, yawancin dodanni su ja da baya. In ka mutu a kan kwamfutar da jama'a ke bugawa tare, wani baƙo zai iya tarar da fatalwarka zaune a kan kayanka bayan wata guda.

To, amma kusan duk abin da na lissafa, wasan ba zai gaya maka ba. Akwai wani shuɗin harafin e, ido ne da ke shawagi, ba ya bin kowa, ba ya kai hari. Sabon shiga zai ga banza ta faɗi ya kai masa sara. Nan take jikinsa ya sandare, ya yi ta kallo har wani ƙaramin ƙadangare ya zo ya cinye shi a hankali. Babu gargaɗi kafin nan. Wannan shi ne NetHack: ko dai ka mutu sau ɗaya a kan kowane sirri, ko ka buɗe kundin bayanansa na intanet a gefe ka yi ta karatu. Akwai masu shekaru suna bugawa ba su taɓa kai ƙarshe ba, kuma ba su ɗauki hakan abin kunya ba. Ko masu binciken ƙirƙirarriyar basira sun gwada: Facebook ta mayar da shi filin gwaji a 2020, aka yi gasa a 2021, babu manhajar da ta kai ko kusa da cinye shi. Ga kuma madannai, inda ƙaramin baƙi da babba ba aikinsu ɗaya ba: w riƙe makami, W saka sulke, r karanta takarda, R cire zobe. A waya ana iya buga shi, amma wahala ce zalla.

Ra'ayina a nan ba a ɓoye yake ba. Crawl ya fi adalci, NetHack ya fi ba da labari. In ka mutu a Crawl za ka ce da na sha waccan kwalbar tun da wuri. In ka mutu a NetHack za ka kira aboki ka ce zo ka ji abin da ya same ni. Mai son hadda, irin wanda ke jin daɗin sanin abin da wasu ba su sani ba, NetHack zai riƙe shi shekaru. Mai son a gwada hankalinsa a kan abin da ke gabansa kawai, ya tafi Crawl.

Angband ba zan daɗe a kansa ba, don ba na ba sabon shiga shi. Daga Moria na Robert Koeneke na 1983 ya fito, ɗalibai biyu a Jami'ar Warwick ta Ingila, Alex Cutler da Andy Astrand, suka faɗaɗa shi a 1990 a kan duniyar tatsuniyoyin Tolkien, kuma jerin bugu na 4.2 da aka fara a 2019 ya sake masa fasali sosai. Akwai gari a sama inda kake sayayya, da takardar da ke ɗauke ka daga zurfi ta kai ka gari ta dawo da kai. Hawan da ka bari ba ya dawowa, sabo ake ƙirƙira, don haka gudu ba ya da tsada. Morgoth, babban dodon ƙarshe, yana jira a hawa na 100. Wasa ɗaya yana iya cin makonni, kuma ainihin aikin tara kariya ne, ta wuta, ta dafi, ta shanyewar jiki, kafin ka sauka inda wani abu zai huro maka ajali daga duhun da ba ka gani. Rasa jarumin sati uku a numfashi ɗaya ba kowa ke iya haɗiye shi ba. Mai haƙurin noma, wanda ke son ganin ƙarfi na taruwa a hankali, zai same shi daidai.

Akwai maganar da na san wasu za su so a yi ta a fili. Wasannin nan cike suke da tsafe-tsafen tatsuniya, kuma biyu daga cikinsu sun sa gumakan ƙirƙira a tsakiyar tsarinsu. A NetHack jaruminka yana da abin bautarsa, yana roƙonsa in ya shiga uku, kuma ƙarshen wasan shi ne miƙa masa Layar Yendor a kan bagadi. A Crawl akwai irin waɗannan sama da ashirin, kowanne da dokokinsa da kyaututtukansa, kamar Trog da ke ba da haukan faɗa ya hana tsafi. Ana iya ƙin bin kowa, sai dai wasan zai ƙara tsauri. A Brogue da Shattered ba a neman jaruminka ya bi wani abin bauta kafin ya ci. Wanda wannan ke damun zuciyarsa, ko yake zaɓa wa yaro, ya san inda zai karkata.

Saura abin da ke hannunka. In waya ce kawai, kada ka wahalar da kanka, Shattered ne. In kwamfuta ce kuma lokacinka guntu-guntu ne, tsakanin aiki da ɗaukar yara daga islamiyya, Brogue, domin hawa ɗaya ba ya cin lokaci kuma linzami kaɗai ya isa. Ɗalibin da ke hutun zango, mai son abin da zai yi shekara yana tona, ya sauke Crawl, nau'insa mai hotuna maimakon haruffa. NetHack a bar shi sai an ci ɗaya daga cikin waɗancan ko an kusa, lokacin da mutuwa ta daina ba da haushi. Huɗun na kwamfuta duk kyauta ne, kuma nauyinsu bai kai na bidiyon biki guda ba. Dukkansu suna son Turanci daidai gwargwado, amma NetHack ya fi kowa, don yana da barkwanci da wasa da kalmomi da kan ɓoye gargaɗi a ciki.

Abu ɗaya da ke kayar da masu ƙananan kwamfutocin cinya tun kafin dodo ya gan su shi ne tafiya a karkace. Wasannin nan kusurwa takwas ake takawa, kuma maɓallan kibiya huɗu ne kawai. In kwamfutarka ba ta da rukunin lambobi a gefen dama, sai ka koyi tsohon tsarin Rogue: h hagu, l dama, k sama, j ƙasa, sannan y, u, b, n su ne kusurwoyi. NetHack da Crawl da Brogue duk sun san shi, a Angband kuma sai ka kunna shi a cikin saituna. Wanda bai koya ba zai riƙa yin taku biyu inda dodo ke yin ɗaya, kuma ba a tsere wa kowa a haka.